Ja Numfashi, Riƙe

Shekara ashirin da shida ina ɗakin radiyo
a babban asibitin Maraɗi,
ina tsai da mutane gaban allo mai sanyi.
Ja numfashi. Riƙe. Saki.
Na ga karyayyen haƙarƙarin ɗan kabu-kabu,
na ga dalar da wani yaro daga Tibiri ya haɗiye,
na ga inuwar da ba a faɗa wa mai ita
sai an kira ɗan'uwansa gefe.

Haske biyu na sani, ko da ban taɓa ganinsu ba:
mai laushi, wanda tsoka ke shanyewa,
da mai tauri, mai ratsa ƙirjin ƙaton mahauci.
Ni ke murza maɓalli, su zo yadda na so.

Daren jiya wuta ta ɗauke a Bagalam.
Barira ta fito da tabarma tsakar gida,
kwamfuta bisa cinya, batir ya kusa mutuwa.
Ta ce, Baba, zo ka ga irin haskenka,
amma wannan ba hannun da ke murza shi.

Na duba. Layi ne, ya hau, ya faɗo, ya yi tsalle,
kamar takardar zazzaɓi a gindin gadon maras lafiya.
Na ce, wa ke jinya?
Ta yi dariya har ta tashi zakaran maƙwabta.

Blaza sunansa, in ji ta.
Baƙin rami ne a cibiyar wani garken taurari,
yana ci, yana ci, ba ya ƙoshi,
abin da ya kuɓuce wa bakinsa
ya feso shi siriri kamar ruwan tiyo,
bakin tiyon kuma mu yake kallo.
Ƙwayoyi na juyi a igiyar maganaɗisu,
suna zubar da haske don gajiya.
Iskarmu ke tare shi, bai iso Gulbi ba;
tauraron ɗan'adam ke tsinto mana
ɗaya, ɗaya, kamar kalar gyaɗa bayan an kwashe gona.

Ta sa yatsa. Nan, tsakanin magariba da asuba
ya ninka kansa.
Nan kuma ya yi lamo wata uku.
Abin da ke sauya fuska cikin dare guda
ba zai zama mai faɗi ba, Baba;
murhun ƙarami ne, nisan ne ya yi yawa.
Tun babu kowa a doron ƙasa ya kamo hanya.
Kuma duba: in ya ƙara haske, ya ƙara tauri.
In ya lafa, mai taurin ke fara tafiya,
mai laushin ya saura yana jan ƙafa.

Na ce, haka uwarki take.
Ba ta yi dariya ba wannan karon.
Muka yi shiru. Jemage ya wuce ta kan bedi.

Sai tarin nan ya zo,
wanda nake ɗora wa hayaƙin garwashi tun damina.
Ta jira ya gama. Ta rufe kwamfuta.
Ta ce, ni ma ina da wani layi da nake bi,
ba a rubuce yake ba.
Da sau biyu ne a dare. Yanzu bakwai.
Yana ƙara yawa, yana ƙara tauri.

Ban ce komai ba.
Wanzami dai ba ya son jarfa.

Yau da hantsi na cire riga a ɗakina,
na manna ƙirji a allon da na goge sau dubu.
Ashe haka yake da sanyi.
Idrisa, yaron da na koya wa aiki,
muryarsa na rawa bayan gilashi.
Na tuna duniya tsaye gaban wancan bakin tiyo,
ba ta san ana ɗaukarta ba.

Ya ce, Malam, ja numfashi.
Na ja.